Rijiya ta Goma Sha Bakwai

Ran Talatar farkon wata nake fita,
igiyar awo a kafaɗa, littafi a aljihu,
tun kafin ranar Mexicali ta soma gasa ƙarfen mota.
Rijiyoyina ba su san guga ba.
Bututu ne siriri, kaurin damtsen yaro,
an soke shi a ƙasa, an rufe da murfi da kwaɗo.
Ina zura igiya, ina kasa kunne.
In bakinta ya taɓa ruwa sai ta yi tsuwa
kamar ɗan tsako da ya ɓace wa uwa.

Mita shida da santimita arba'in.
Abin da na rubuta ke nan shekarar farko,
ina tsaye a kan gishiri mai ƙaras-ƙaras
a inda ubana ya ce ya taɓa jefa taru.

Fulgencio sunansa.
Shekara talatin kwalekwalensa na kife a bayan ɗaki,
kaji na saka ƙwai a ƙarƙashi.
Ya ce an shanye kogin tun bai ƙetaro iyaka ba,
abin da ya iso mana suna ne kawai, da gada.

Ruwan da aka ba mu ba na girgije ba ne.
Na birni ne:
ya wanke tukunya, ya wanke jariri,
ya wanke hannun bakanike, ya bi ta masai,
aka tare shi a matata, aka kwantar da shi tafki bayan tafki
har ya sauke abin da ya ɗauko,
rana ta duba shi, kacala ta tace shi da saiwa,
sannan Nereida ta cika kwalba, ta kai ɗakin gwaji,
ta ce a buɗe masa ƙofa.

Ubana ya tofar da yawu.
"Obdulia, ruwan da ya ga tsiraicin gari guda,
me zai je ya faɗa wa kifi?"
Ban amsa ba. Ni ma na toshe hanci watan farko.

Da ruwan ciki ake jan na rijiya.
Mu da ruwan cikin birni muke jan namu.

Mita biyar da tamanin.
Biyar da goma.
Sauro ne ya fara zuwa, ba wanda ya yi masa maraba.
Sai kwaɗi, da surutunsu na 'yan kasuwa.
Shekara ta huɗu zalɓe ya sauka,
ya tsaya da ƙafa ɗaya kamar mai shakkar gayyata.

Amma ta goma sha bakwai ƙasa take yi.
Tana maƙwabtaka da gonar Anselmo,
injinsa na tari dare da rana, auduga na sha.
Na san 'ya'yansa uku, na san bashin da ke wuyansa,
na sha gahawa a inuwar rumfarsa.
Duk da haka na rubuta: bakwai da ashirin.
Lamba ba ta san kunyar maƙwabci ba.
Hannuna ne ya sani, ya ɗan yi rawa.

Watan jiya tsohon ya ce zai raka ni,
wai zaman gida ya ishe shi.
A rijiya ta tara na miƙa masa igiya.
Ya zura a hankali, irin zurin mai fatsa,
bai kai inda yake zato ba ta yi tsuwa.
Uku da casa'in.
Ya ja, ya sake zurawa. Ta sake.
Ya dubi kacala, ya dubi agwagin da ban san sunansu ba,
shi ya sani, bai faɗa ba.

A hanyar komawa ya tambaye ni
nawa ake sayar da kwalta yanzu,
irin ta liƙe katako.

Kaji dai sai su nemi wani wuri.
Ni kuma Talata mai zuwa
akwai ta goma sha bakwai tana jira,
da dogon shirunta kafin tsuwa.