Ruwan da Ke Tsakani

Ni ne mai jirgi, Ongen ɗan Tuhumena.
Shekara uku ina kai Yosina, ina komo da ita,
daga tsibirin gabas zuwa na yamma, a tekun Maluku,
ita da ragarta mai laushi kamar saƙar gizo,
ma'aunin ƙarfe a aljihu,
da littafin da gishiri ya cinye wa gefe.

Tsuntsun da take bi bai cika tafin hannu ba.
Kore-kore ne, an zagaye masa ido da alli.
Akwai shi nan, akwai shi can.
Ka ɗora su a reshe ɗaya, uwarsu ma sai ta ruɗe.
Amma ba sa ƙetare ruwa.
Tafiyar da nake yi daga hantsi zuwa azahar,
su ba su yi ta ba tun kafin a dasa kanumfarin farko.

Ta ce tsohuwar dokar mai sauƙi ce:
in sun haɗu sun yi sheƙa, 'ya'yansu sun hayayyafa,
to iri ɗaya ne.
Na ce, a haɗa su mana.
Ta yi dariya. Keji ba ya shaida, in ji ta,
wanda aka kulle, kowa ya samu so yake.
Teku ta hana masu ƙara zuwa,
dole alƙali ya yi shari'a da awo.

Baki: na gabas ya fi da milimita ɗaya da 'yan kai.
Fiffike: kunnen doki.
Ƙirji: na yamma ya ɗan fi rawaya in da rana,
in da hadari kuwa, ita ma ba ta rantsewa.
Ɗigon jini a 'yar kwalba aka aika Bogor,
wata biyar amsa ta dawo:
sun bambanta, amma kaɗan.
Kaɗan nawa ke isa? Takardar ba ta faɗa ba.

Wata asuba muka hau dutse da lasifika,
ta saki kukan na yamma a dajin gabas.
Sauro na cina, ban motsa ba.
Namiji ya sauko reshe biyu. Ya karkata kai.
Ya saurara kamar mai jin sunansa a bakin baƙo.
Bai amsa ba.
Bai gudu ba.
Ya koma kan tsutsarsa.
Yosina ta rubuta wani abu, ta soke, ta sake rubuta shi.

Malamanta a birni sun kasu biyu.
Wasu na cewa kama da wane ba ta wane,
a raba su, kowa da sunansa.
Wasu na cewa kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi,
wannan bai isa yanke zumunta ba.
Ga kuma masu zarto sun riga sun auna dajin gabas.
In sunan ɗaya ne, za a ce ai akwai wasu a can.
In biyu ne, ɗari uku ne kacal a duk duniya.
Ta sani. Shi ya sa ba ta yarda da hannunta ba,
ta sake auna bakin har sau uku,
kada tausayi ya ƙara masa tsawo.

A hanyar komowa ta ce, kai me ka gani?
Na ce kakata 'yar yamma ce.
In na sauka can, dangi na rungume ni,
su cika ni da gasasshen kifi da rogo,
amma rabin ba'arsu wuce ni take yi,
sai in yi dariya a makare.
Har yau muna auren juna.
To, mu muna da jirgi.

Ba ta ce komai ba. Inji na ta tari.
Takardar suna na kan gwiwarta,
layi ɗaya fari fat.
Ruwa ya fantso, ta kare ta da tafin hannu.
Bayanmu tsibiri ya shige hazon teku,
gabanmu ɗayan bai fito ba tukuna.