Walƙiyar Aro

Na ƙetare Kaliyawo da ƙafa, yashi ne zalla,
jakar kyamara tana dukan haƙarƙarina,
na bi inuwar dalbejiya har cikin Domayo,
gidan Goggo Dudu, mai yi wa ƙwarya zane da wuta.

Rumfar kara ce, ciki duhu-duhu.
Kasko a gefen ƙafarta,
wuƙaƙe uku kwance cikin garwashi, sun yi jajur.
Ta zari ɗaya, ta ɗora a gadon bayan ƙwarya,
hayaƙi ya miƙe siriri kamar zare a mazari.
Na ce a raina: ga hoton nan.

Na danna. Walƙiyata ta fashe a rumfar,
kaza ta watse da 'ya'yanta.
Na duba abin da na kamo:
garwashi ya koma toka, hayaƙi ya ɓace,
fuskarta fayau, irin ta katin shaida,
inuwarta manne da zana kamar an kama ɓarawo.

Ba ta ko ɗago ba.
Ta ce, "Yaro, hadari ka zo da shi a jaka?
Mun ga walƙiya, ina ruwan?"

Na kashe ta, na gwada da hasken Allah kaɗai.
Wuta ta dawo, amma hannun ya narke,
don hannun nan bai san tsayuwa ba,
fuskar kuwa ta nutse can ƙasan rijiya.

Ta ce, "Zauna. Rana tana da ƙofa a rumfar nan,
hudar da iskar bara ta yi, na hana a toshe.
Bayan la'asar take sallama.
Ba ganinta nake ba, yana ta cinye idon hagu,
na dama ma kwana yake ƙirgawa.
A wuyan hannu nake jin ta iso,
lokacin nake yin ƙananan zane."

Na zauna.
Jikarta Jebba ta kawo kunun gyaɗa.
Na ƙirga ƙore goma sha bakwai a jingine,
wata da ƙafar zabo, wata da haƙorin kada,
wata an fara an bari, ban tambayi dalili ba.
Ta ce masu saye sun yi ƙaranci a Marwa,
roba ta fi araha, kuma ba ta fashewa.
Ladan ya kira, na je na dawo.

Sai ga ta, faɗinta bai wuce faifai ba.
Ta sauko ta kan ginshiƙi, ta taka kafaɗa,
ta zauna daidai inda aka ce.
Hayaƙi ya shiga cikinta ya yi jiki.

Na rage wa walƙiya ƙarfi har ta kusa jin kunya,
na juya mata fuska ga barin tsohuwa.
Jebba ta ware farin mayafinta a gefe,
hasken ya bugi mayafin ya dawo a hankali,
baƙon da ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa.
Bai taɓa garwashin ba.
Tsagar kumatunta kawai ya share wa duhu,
da ɗigon gumi a ƙarƙashin leɓe.
Sau huɗu na danna, rana ta tattara ta fice.

Ran kasuwa na komo da hoton a takarda.
Ta shafa shi da yatsu, sama da ƙasa, ta juya bayansa.
"Naka zanen sumul yake, hannu ba ya karanta shi.
Jebba, wutar ta fito?"
"Ta fito, Goggo. Har hayaƙin."
"Ni fa?"
"Kin fito, kina ɗaure fuska."
"Aiki nake."

Ta soke shi a jikin kara, kusa da hudar,
ta miƙo mini ƙwaryar nan da ba a gama ba,
ta mai da wuƙa wuta.