Sa da Jaki a Samaru

A gonar gwaji ta Samaru na san shi,
ina ɗan aiki mai riƙe igiyar awo.
Zalman sunansa, leburori suka mai da shi Malam Zalmu,
Bayahude mai gwada ƙasa,
gemunsa kamar audugar da ba a gurza ba.
Ran Juma'a, da rana ta faɗa bayan Kufena,
sai ya wanke hannu, ya kunna kyandir biyu,
ko ashana ba zai ƙara taɓawa ba sai Asabar ta wuce.

Ni ɗan Wusasa ne, na tashi da Attaura a gida,
amma dokokin nan tsallake su nake yi
kamar mai tsallake kwata a Sabon Gari.
Wata rana muna ɓarar gyaɗa a gindin ɗorawa
na ce, Malam, me ya haɗa Allah da garma?
Don me aka hana haɗa sa da jaki a karkiya guda?

Ya yi dariya har tabarau ya zame masa.
Ya dafa ƙirji ya ce, Tanimu, ga su nan duka biyun.
San yana tuƙa, yana tuna alherin jiya,
jakin ya ji motsin baki,
ya zaci an ba wani an hana shi, sai ya turje.
Shekaru dubbai mutanena ke noma da su,
kuma kowace asuba tambayar ɗaya ce:
wa za a ɗaura yau, wa za a bari a turke.

Gab da idinsu na taya shi shara.
Da kyandir ya bi lungu-lungu yana farautar ɓurɓushin burodi.
Ya ce yisti iska ce kawai ta shiga ƙullu,
ya kumbura, ya ɗauka ƙaruwa ya yi.
Mun gama, mun ƙone, mun wanke hannu,
sai ga wani guntu a aljihun kwat ɗinsa.
Ya dube shi ya daɗe.
Kullum, in ji shi, akwai saura ɗaya, kuma a jikinka yake.

A cikin Birni, wajen Ƙofar Doka,
ya tsaya kallon rawanin wani soro.
An umarce mu da wannan, ya ce, kada wani ya faɗo daga rufi.
Kai ma soro ne.
Mai ilimi ya fi kowa son hawa shan iska,
ya fi kowa manta inda gefe yake.

Da kaka ta yi, ya hana a girbe kusurwar dawa,
lissafin gwaji ya ɓaci, Oga ya yi ta faɗa.
Na matso da murna, na ce, wannan fa me take nufi?
Ya ce wannan ba ta da fassara.
Gobe matan Bomo za su zo da ƙorai.

Akwai hoto a ɗakinsa, mutum tara a bakin wata ƙofa.
Bai taɓa faɗa mini sunan ko ɗaya ba.
Naman kasuwa ba ya ci, amma ya raka ni wurin mahauci,
ya nuna jijiyar cinya da ɗan yatsa.
Kakanmu ya kwana yana kokawa a bakin rafi,
gari ya waye masa da albarka da ɗingishi.
Muna barin jijiyar nan don kada mu manta.
Na ce, kai ma kana yi?
Ya ce tun kafin a haife ka na kama, ban saki ba,
shi ma bai sake ni ba.

Jirgin ƙasa ya tafi da shi wata damina.
Yanzu gwiwata ta hagu ba ta son sanyi,
jikokina na dariyar tafiyata a hanyar coci.
Jiya na zura hannu a aljihu neman goro,
na ji ɓurɓushi.