Daren Laraba a Ƙarƙashin Gadar Jirgi

A Osaka, ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa,
akwai ɗaki mai bangon soso, hayarsa awa-awa.
Can nake zuwa daren Laraba da baƙin mai a farce,
don wuni nake ina gyaran kekunan mutane,
dare ya yi in kama kokawa da tsirkiya.

Su huɗu ne rak a jikin jitar bas,
kauri kamar wayar birki.
Wata bakwai ina marin su da babban yatsa,
abin da lasifika ke maido mini
sai ka ce jiƙaƙƙen bargo ya faɗo daga bene.
Na ce laifin katako ne, na ce laifin waya.

Uwargida Kuwabara mai riƙon makullan ɗakunan,
furfura fat, tabarau rataye da zare,
ta yi kiɗa a Namba tun ban zo duniya ba.
Ta leƙo da butar shayi, ta ce, "Shinpei,
me ta ci maka kake jibgar ta haka?"
Na rasa inda zan sa fuskata don kunya.

Ta ce, "Sauke kafaɗar nan.
Ka san yadda kake murɗa makullin gidanka,
ba tunani, ba ƙarfi?
Haka wuyan hannu zai yi.
Yatsa ya taɓa ya gudu,
kamar ya dafa murfin tukunya a kan wuta.
In ka zauna mata, ka shaƙe ta,
ba ta da bakin da za ta faɗi gaskiya."

Ta ja hannuna zuwa ƙarshen wuyan jitar,
daidai ƙarfen ƙarshe.
"Nan. Da gefen gaɓa, inda ƙashi yake.
Manuniya kuma, bakinta kawai za ka sa ƙarƙashi,
ka ɗaga kaɗan ka saki,
ba baka ba ne, ba ka zo harba kibiya."

Jirgin tara da kwata ya wuce, rufi ya yi rawa.
Muka jira.

Ta kunna 'yar na'urar ƙidaya, ƙwas, ƙwas,
a hankali har na ji haushi.
"Hannun hagu mai gadi ne," in ji ta,
"uku su yi tsit, a bar magana ga ɗaya."

Sai ta shinshina tsirkiyoyin, ta yamutse fuska.
"Shekararsu nawa?" Na ce uku.
"Gumi ya cinye muryarsu.
Ka tafasa su a tukunya in aljihu ya yi sanyi,
in ba haka ba, sayo sababbi tun jiya."

Kuɗin facin taya goma sha ɗaya suka tafi.
Da makullin da nake ɗaure sirdin keke
na sassauta 'yan kusoshin gindi,
tsirkiyoyi suka sauko kusa da ƙarfe.
Na rage muryar tsakiya a lasifika,
ta ce, "Kar ka kwashe duka,
mai ganga na shigowa za ka ɓace a baya."

Bororo ya fito, ya fashe, ya koma kanta.
A shago na kama kaina ina marin wayoyin taya,
tsohuwa mai jiran kekenta tana ta dariya.

Laraba ta tara, ban shirya ba, ban matsa ba,
yatsa ya sauka ya tashi da kansa,
ɗaki ya amsa: dum a ciki, tas a sama,
har kofin shayi ya motsa a kan akwati.
Na juya ina jiran yabo.
Ta dubi agogo ta ce, "Lokaci ya yi, wasu na jira."
Amma na ga silifas ɗinta a bakin ƙofa,
ƙafar dama tana bugun ƙasa, ta ƙi tsayawa,
kuma minti goman da na ƙara
ba ta rubuta su a littafin haya.