Kwasar Adashi

Shekara goma sha ɗaya ina karanta mita
a hukumar ruwa, daga Mabera zuwa Gidan Igwai.
Kowane wata albashi na zuwa da gutsure:
wannan na lafiya, wannan na gida, wannan na tsufa.
Ban taɓa gardama ba. Na ce adashi ne,
mai zubi ba ya kuka, ranar kwasa na nan tafe.

Sai Luba ta haihu daren Laraba, tsakiyar bazara,
da wuƙar likita, ɗinki tara a mararta.
Uwarta ta riga mu gidan gaskiya bara waccan,
tawa tana Illela, gwiwa ta hana ta hawa mota.
Gida ya rage mu uku:
mai ɗinki, mai ɗanyar cibiya, da ni
da ban san ta ina ake kama tukunya ba.

Na rubuta takarda na kai sakatariya.
Malam Modi ya gyara tabarau, ya karanta sau biyu:
"Hutun haihuwa? Kai kah haihu, Attahiru?"
Ofis ya kwashe da dariya, har fanka na taya su.
Ya jefa ta a tire, bisa wasu takardu
da suka yi furfura wajen jiran sa hannu.

To, na koya.
Kafin kiran assalatu nake hura itace,
in sayi jarka shida wurin mai kura,
ni ma'aikacin ruwa, famfona sai tari yake.
Inna Tumba na ba ni karatu ta kan katanga:
ganyen darbejiya kaza, kanwa kaza a kunu,
kada ruwa ya yi zafi, akwai ɗinki,
tallafe mata wuya, ba buhun albasa ba ce.
Kunun farko ya yi gudaji. Luba ta kurɓa ta yi shiru,
sai dariya ta ƙwace mata, ta ja ɗinki har hawaye.

Ƙarfe takwas in tafi aiki da warin hayaƙi a riga,
lambobi na rawa a idona.
Na taɓa rubuta wa wani gida a Runjin Sambo
kuɗin ruwan da zai cika gulbin Rima.
Sha biyu in saci jiki in leƙo,
in tarar ta ja ciki ta ɗauko 'yar da kanta.

Ranar suna aka raɗa mata Nusaiba.
'Yan barka suka ci suka watse,
suka bar min kwanuka da bashin rago.

Ban ce a biya ni ladan zama uba ba,
wannan ba a teburin Malam Modi yake ba.
'Yan kwanaki na roƙa daga cikin nawa,
daga zubin da na fara tun ban yi gemu ba.

Amsa ta fito kwana uku bayan arba'in.
An kife tukunya, an share toka,
ɗinki ya kame, Luba na tuƙa tuwo da ƙarfinta.
Masinja ya kawo har ƙofa: an amince, kwana goma.
Luba ta ce, mayar musu, ihu bayan hari ne.
Na ce a'a, kwasata ce, ko da ta zo a makare.

Yau na huɗu ke nan. Ba na hura komai.
Ina zaune a gindin rumfa, Nusaiba a ƙirjina,
tana bin fuskata layi-layi
kamar mai neman lambar da za ta rubuta.
Ɗazu ta yi murmushi.
Inna Tumba ta ce iska ce kawai a cikinta.
Ni dai na gani da idona,
da rana tsaka, a sa'ar da na saba zama
durƙushe a Gwiwa, gaban mitar wani.