Layi na Tara

Ubana Saje Ango, mutumin Senchi,
yana da akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado.
Ciki akwai bel, da hular da asu ya ci,
da littafin sallama mai koren bango
wanda yoyon damina biyu ya jiƙa
amma bai wanke kuskuren ciki ba.

Layi na tara: aiki a ƙasar waje.
Akawu ya buga da tafireta: BABU.
Layi na goma: lambobin yabo.
Nan ya ja ɗan karan tawada ya wuce,
ko wahalar bugawa bai yi ba.

To wa ya yi wata goma sha huɗu a Laberiya?
Wa ya tari ruwan sama da hular kwano
a bakin tashar jirgin ruwa ta Monrobiya?
Wa ya saɓo Kofur Manga na Dirin Daji
mil uku cikin gonar roba,
jini na bin bayansa har cikin takalmi?
Akwai ɓarɓashin ƙarfe a cinyarsa ta hagu
da ke faɗa masa hadari tun sama na fayau.
Cinya ta san ya je.
Takarda ce ba ta sani ba.

Ranar tunawa da 'yan mazan jiya, a filin Zuru,
masu minda a ƙirji suka zauna gaba.
Wani yaro mai rajista ya duba littafin Baba,
ya nuna masa benci na baya, kusa da mai rake.
Baba ya ƙame, ya sara masa, ya koma.
A hanya bai ce da ni uffan ba.

Da dare ya ce, "Bar shi, Tabawa, Allah ya gani."
Na ce, "Ya gani, Baba. Ofis kuwa takarda yake gani."
Na sayar da buhun dawa biyu,
na bi motar dare ta Kwantagora zuwa Lakwaja,
inda sunayen soja ke kwance jere a kanta
kamar albasa a rumfa.

Suka ce kawo hoto. Na kawo.
Kawo rantsuwar kotu. Na kawo.
Kawo shaidu biyu da suka ga tafiyarsa.
Cikin su bakwai, huɗu ƙasa ta rufe,
ɗaya ya ɓace tun zamanin canjin kuɗi,
ɗaya na Yawuri, ido ya tafi, baki na nan.
Manga ya dangwala yatsa daga kan tabarma,
ya ce, "In sun ƙi, ku kai musu dungun ƙafata,
ita ba ta iya ƙarya ba."

Sai a zuwa na huɗu wata mai igiya biyu
ta hura ƙurar fayil, ta kira ni gefe.
Arba'in da bakwai aka juya saba'in da huɗu.
Wani Ango daban, mai tsaron sito a Kaduna,
shi takarda ta kai yaƙi, ta rataya wa minda,
shi ma har ya mutu bai ji labari ba.

Shekara uku. Ambulan ta iso ran kasuwa,
Baba na gyaran ƙotar fartanya.
Mindar ba ta fi tsohon kwabo faɗi ba.
Ya juya ta sau ɗaya, ya ajiye kan turmi.
Ya ce, "Karanta mini layin."
Na karanta. Ya ce, "Sake."
Na sake, a hankali, har da kwanan wata.

Ya daɗe yana murza cinyarsa.
Can ya ce, "Littafin Manga fa, kin duba?"

Na shiga ɗaki neman biro.
Ban ko cire takalmi ba.