Wuyan Kwalba

A rumfata ta cajin waya, bakin tashar jirage a Yawuri,
ni ke zuba wa mutane waƙa a memori,
ɗari biyu, komai yawanta.
Samari na son mai tsalle, amare na son mai ganga,
'yan kasuwa na son wa'azi, ko sa rage zunubin mudu.
Ba wanda ya taɓa ce min: sa ta Haliru.

Haliru da rana ɗinkin taru yake.
Bayan isha'i sai ya iso da jitarsa,
wadda wani direba ya bari jingina bai waiwayo ba.
Tsirkiya biyar nata ne, ta shida wayar birkin keke.
Ba ya danna ta da yatsu yadda aka saba.
Wuyan kwalbar maganin tari ya cire,
ya goga bakin a dutsen wanki har ya daina cizo,
ya zura a ƙaramin yatsa kamar zoben gado.

Sai ya ja.

Sautin ba ya taka matakala.
Zamewa yake, kamar ƙafa a lakar bakin gulbi,
ya doshi wuri, ya kusa, ya fasa isa,
ya tsaya nan yana makyarkyata.
Goge ma yana kuka,
amma goge na da gidan bikin da zai koma.
Wannan ba inda aka gayyace ta.

Ba ya wasa kowa,
balle a yi masa liƙi.
Wani kansila ya aiko a sa sunansa ko a baiti ɗaya,
Haliru ya ce a ba shi haƙuri,
tsirkiyar siririya ce, nauyin sunan zai tsinka ta.

Waƙarsa guda ce, riga kawai take canjawa:
jirgin ranar kasuwa,
buhunan albasa, babur uku a kan katako,
da Tumba a ƙofar gida tana gyara ɗaurin kallabi,
tana cewa a rufe mata tuwo, ba za ta yi dare ba.
Bai taɓa cewa ruwa ya ci ba.
In ya iso wurin sai ya rufe baki,
kwalbar ta karɓa,
ta gangara can ƙasa
inda murya ba ta iya numfashi.

Ni ke riƙe waya ina ɗauka.
A ciki akwai tarin janaretona, akwai kwaɗi,
akwai mai shayi yana tambayar wa ke da canji.
Na ce mu sake a inda ba hayaniya.
Ya ce bar su, ai da su aka yi rashin.

Wata tara tana kwance a kwamfuta,
tsakanin waƙar siyasa da ta biki,
kamar baƙon da ya zo gaisuwa ya ɓata gida.
Ni kaɗai nake kunna ta,
in rana ta yi tsaka, ciniki ya mutu.

Haka wata tsohuwa daga tsallake ta same ni,
ta kawo waya caji, fuskar duk ta tsage.
Ta zauna a benci.
Jirginsu ya cika, yaron jirgi ya yi ta kira,
har aka ja inji, ba ta motsa ba.
Da sautin ya ɗauke ta kwance bakin zane,
ta lallaɓo ɗari biyu mai warin banda.
Ta ce, "Zuba min.
Wayar ta ɗana ce. Hotunansa na ciki,
kar ka goge komai."

Da dare na ba Haliru labari,
na miƙa masa kuɗin, ina jiran murna.
Bai karɓa ba, ya ce in ƙara a fetur.
Ya daɗe yana juya kwalbar a yatsa,
yana kallon inda fitilun masunta ke lilo a kan ruwa.
Can ya ce, "Ashe ita ta ƙetare."

Ya sunkuya yana ɗaure wayar birkin nan,
wadda ba ta taɓa zama daidai ba.